Madarar Ɗakin Dalma

Ni dai ban taɓa cewa ni mutuniyar kirki ba ce, saboda haka kada wani ya zaci wanke kaina zan yi. Sunana Kaltume. Lokacin da abin nan ya faru, wajen shekarar 1956, muna zaune a wani gidan haya a Unguwar Kanawa, a Kaduna, ɗaki shida, rijiya ɗaya, kowace mace da murhunta. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Lami, bangon kuwa ko atishawa ka yi sai an ce maka sannu daga can.

Lami matar Irmiya ce, mutanen wajen Zonkwa, masu zuwa coci ranar Lahadi. Mijinta da mijina, Malam Rabe, wuri ɗaya suke aiki, wani gidan buga takardu da ke bayan Babbar Kasuwa. Rana ɗaya aka ɗauke su, tare suke fita da safe a ƙafa, tare suke dawowa da la'asar. Malam yana wajen yanka takarda da ɗinke littattafai, Irmiya kuwa shara ce tasa da ɗaukar kaya. Wato a lokacin mijina ne a gaba, ni kuma ina ƙaunar Lami ƙwarai. Ina tsakuro mata daddawa, ina yi wa 'ya'yanta mata biyu kitso ranar Asabar, har cewa nake yi ban taɓa samun maƙwabciya irinta ba.

Sai aka mai da Irmiya ɗakin dalma.

A yadda Lami ta ba ni labari, haruffan da ake buga takardu da su duk na dalma ne. In an gama aiki da su sai a kwashe a kai wani ɗan ɗaki a baya, a zuba a tukunyar ƙarfe, a narka, a kwashe dattin da ya taso sama da ludayi, a zuba ruwan dalmar a mazubi ta daskare, a mayar wa injin. Mutum ɗaya ne ke wannan aiki. Shi wannan mutum ɗaya kuwa ana ƙara masa albashi, ana ba shi kaki riga da wando, da sandar sabulu duk mako, sannan kullum ta Allah ana miƙa masa gwangwanin madara guda.

Madarar nan ita ce ta tsaya mini a wuya. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. A lokacin madarar gwangwani sai gidan akawu, sai gidan Bature. Mu nonon Fulani muka sani, shi ma sai ranar da aka ga dama. Ga shi yanzu kullum la'asar Irmiya zai shigo da sallama, ya sa hannu a aljihun kakinsa, ya zaro gwangwani, ya ɗora a tafin hannun Lami a tsakar gida, kowa na gani. An ce masa ya sha a wurin aiki, shi kuwa ko kurɓa ba ya yi, sai ya kawo wa matarsa. Ita kuma ta yi wata 'yar dariya, ta ce, "Kai, Baban Saratu, kai aka ba fa." Ya ce, "Ni kuma na ba ki."

Ni ina bakin murhu ina fama da ɗanyen ice, idona na hawaye, ina jin su. Malam Rabe zai shigo bayansa, hannu na dukan cinya, ya ce, "Kaltume, akwai ruwan wanka?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, Lami ba ta da rowa. Da tana da rowa da na sami abin kamawa. Sai ta leƙo da safe da gwangwani a hannu ta ce, "Kaltume, kawo kokonki in ɗiga miki." In ce mata madara tana tayar mini da zuciya. Ƙarya nake yi, yawuna har tsinkewa yake. In ta wanke gwangwanayen kuma sai ta jera su a bakin tagarta su bushe, rana ta haska su, kullum jerin yana ƙara tsawo. Ba a yi shekara ba Irmiya ya sayi keke. Ranar da ya kaɗa ƙararrawarsa a ƙofar gida, tuwon da na tuƙa ko kare ba zai ci ba.

Na tasa Malam a gaba. Na ce, "Malam, wai ku ba a ba ku madara ne?"

Ya ce, "Mu takarda muke yankawa."

"To ai ka riga shi sanin aiki. Kai da ka iya karatun boko, mai shara ya zo ya wuce ka? Ba ka da baki ne? Ka je wurin helma mana, ai shi ne mai raba muku aiki."

Ya dubi bango, ya dube ni, ya rage murya ya ce, "Ki bar maganar ɗakin nan, Kaltume."

Kullum amsar ke nan, ba ƙari ba ragi. Na yi fushi, na yi lallashi, na yi gugar zana, na kwana uku ban sa man shanu a miya ba don ya gane, duk a banza. A raina na yanke cewa Allah ya haɗa ni da mai matacciyar zuciya, wanda in an ajiye shi a kan tabarma nan za a dawo a same shi. Kitson 'ya'yan Lami ma na daina, na ce yatsuna ke ciwo.

Cikin shekara ta biyu Irmiya ya fara canzawa. Mutumin da da in ya yi dariya har zaure ake ji, ya koma shiru-shiru, ya yi fari fat kamar wanda aka wanke da toka. Da sassafe ina shara sai in ji shi ta bango yana nishi, yana cewa cikinsa na murɗawa, wani lokaci ya fito da gudu ya yi amai a bayan rijiya. Ya zama mai saurin fushi. Ranar nan don Saratu ta taɓa ƙararrawar keke ya daka mata tsawar da sai da kaji suka watse, sannan ya zauna ya riƙe kai kamar bai san wanda ya yi ba. Hannunsa na dama kuma ya soma rawa. Na ga kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Keken ma ya daina hawa, sai dai ya tura shi, yana tafe yana ɗan tangaɗi.

Lami ta rame don damuwa. Ta dafa masa sabara, ta jiƙa masa kanwa, ta kira mutanen cocinsu suka yi addu'a. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na gani daban ne. Na ga wuri zai buɗe.

Helman ma'aikatar sunansa Malam Tijjani, gidansa a Unguwar Sarki. Matarsa Magajiya na san ta, domin garinmu ɗaya, kuma na san halinta: in kana son magana ta zaga Kaduna kafin azahar, ka gaya mata ka ce kada ta faɗa wa kowa. Aka yi suna a gidan ƙanwarta, na ci ado na tafi. Na bari sai da aka ci aka sha, mata suka ragu, na matsa kusa da ita ina taya ta ƙulla goro.

Ta ce, "Ya mutanen gidanku? Maigidana ya ce maƙwabcinku kwanan nan aikinsa sai a hankali."

Ban ma nema ba, ita ta buɗe mini ƙofa. Na yi ajiyar zuciya, na ce, "Yaya, ni dai ba na son shiga sha'anin mutane. Amma bango ɗaya ne tsakaninmu. Mutum kullum safiya amai, tafiya tangaɗi, hannu na rawa, ga faɗa da iyali. Ke ma kin san mene ne."

Ta zaro ido. "Burkutu?"

Na ce, "Ni ban ce ba. Don Allah ya tsaya tsakaninmu."

Na san sarai Irmiya ba ya sha. Cocinsu ma sun hana, kuma da kunnena na sha jin yana yi wa 'yan garinsu faɗa a kan gidan giya. Amma na faɗa, bakina ko rawa bai yi ba. Kafin in tashi na ƙara da cewa, "Shi kuwa namu Malam ya daɗe yana son ɗakin nan, kunya ce kawai ta hana shi magana. Kin san shi da nauyin baki."

Ba a yi kwana goma ba abin ya faru. Irmiya ya ɗebo narkakkiyar dalma a ludayi, hannun ya saki, ta zube a ƙasa ta fantsama, kaɗan ya rage ta sami ƙafar Malam Tijjani da ke tsaye a bakin ƙofa. Ba a tsaya tambaya ba. Helma ya riga ya san dalili, ai matarsa ta gaya masa. Ya kai maganar gaban mai ma'aikata, aka sallami Irmiya a ranar, a kan shaye-shaye a bakin aiki. Washegari aka kira Malam Rabe aka miƙa masa kaki.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Da la'asar na share tsakar gida sau biyu, na yi wanka, na zauna a inda kowa zai gan ni. Malam ya shigo cikin sabon kaki, wandon ya yi masa yawa. Bai zaro gwangwanin a tsakar gida ba kamar yadda na so, ya wuce ɗaki kai tsaye ya ajiye a kan akwati. Ni na ɗauko, na huda da wuƙa, na fito na zauna a bakin ƙofa ina zubawa a kunu a hankali, ina ɗaga hannu sama don a ga farinta. Ƙofar Lami a rufe take, ba wanda ya gani sai wata tsohuwa mai ɗakin ƙarshe, ita ma idonta ba ya gani sosai. Madarar kuwa da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba.

Kwana shida ina wannan sarauta. A na bakwai da hantsi, ina tsince shinkafa, Lami ta yi sallama ta shigo. Na ce a raina shi ke nan, ta ji. Na gyara zama, na shirya rantsuwa.

Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kaltume, gobe za mu tafi gida. Jirgin ƙasa na Kafanchan za mu bi. Amma ba zan iya tafiya ban gaya miki ba, don ke 'yar'uwa ce."

Na ce, "Allah sarki."

Ta ce jiya ta kai Irmiya wani ƙaramin asibitin mishan. Malamin asibitin, wani dattijo, ya dubi hannun, ya ce ya miƙe shi. Hannun ya faɗo daga wuyan hannu, yatsu na reto, ya kasa ɗagawa. Sai ya ɗaga masa leɓe ya duba, bai ma tambayi ciwon ba ya ce, "A ina kake taɓa dalma?"

Ta ce, "Zo ki gani da idonki."

Ba na so, amma ta kama hannuna. Irmiya na zaune a kan tabarma a cikin ƙullin kaya. Ya gaishe ni da fara'a, har yana tambayar ya Malam. Lami ta ce ya buɗe baki. A gefen dasashinsa, daidai inda haƙora suka fito, akwai wani siririn layi shuɗi-baƙi, kamar an ja da tozali.

Lami ta ce, "Ita ce. Ya ce hayaƙinta da ƙurarta ke shiga jiki kaɗan-kaɗan, ta hanci, ta abincin da aka ci da hannun da ya taɓa ta. Ita ke murɗa ciki, ita ke shanye jini, ita ke kashe hannu, har kai take taɓawa. Na ce ko don bai sha madarar ba ne, ni na shanye masa? Ya ce in daina zargin kaina, ko ya sha ba ta isa ta tare ba. Ya ce maganin farko shi ne ya rabu da wurin, in Allah ya so jikin zai dawo, hannun ne bai yi alkawari ba." Ta share ido da bakin zane. "Wai mashayi. Mutumin da ko warinta ba ya so. Wanda ya ƙulla masa wannan, na bar shi da Allah. Ke dai ki hana Malam, Kaltume. Ki kama ƙafarsa in ta kama."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Shinkafar nan kaji suka ci rabinta ina kallo.

Da la'asar ko zama ban bari ya yi ba. Na ja shi ɗaki, na rufe ƙofa, na ce, "Malam, ka cire kakin nan. Dalmar nan guba ce. Ita ta kama Irmiya, na gani da idona, har a bakinsa."

Ya zauna a kan akwati, ya cire hula, ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Kowa a ma'aikata ya sani. Kafin Irmiya akwai Yahaya, shekara uku ya yi, yanzu yana Rigasa, ƙaninsa ke ba shi abinci a baki. Kin zaci don an fi son mutum ake ba shi madara? Tun kafin a ba Irmiya ni aka fara yi wa tayi. Na ce ƙirjina ba shi da ƙarfi. Duk lokacin da aka taso da maganar sai in sami abin da zan faɗa. Shekara huɗu ina kewaye ɗakin nan, ko ta ƙofarsa ba na bi."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini? Ka bar ni ina ta haushi kamar karya?"

Ya nuna bango da haɓa. "In na gaya miki a ɗakin nan, na gaya wa Lami. Irmiya ya san abin da ya shiga. Ya ce yana so 'ya'yansa su yi makaranta, zai yi shekara biyu ya roƙi canji. Ya roƙe ni don girman Allah kada matarsa ta ji. Na yi masa alkawari."

Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da helma ya kira ni, na ce masa ƙirjina. Ya yi dariya, ya ce in daina kunya, ai iyalina ta gaya wa tasa na daɗe ina so. Ya ce ko in karɓa, ko in bi Irmiya, kuma ba zai rubuta mini takardar shaida ba. Sauran maganar da kika kai gidan suna, ita ma na ji. Magajiya ba ta iya ɓoye sunan wanda ya gaya mata ba."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da ya ɗaga hannu ma da na gode. Amma ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gero.

Na fashe da kuka, na jawo mayafi, na ce, "Yanzu zan je Unguwar Sarki. Zan ce ƙarya na yi, a gaban kowa zan faɗa. Su mayar masa da aikinsa."

Ya ce, "Wane aikin? Su mayar da shi bakin tukunyar? In kika wanke shi yau, gobe zai koma, na san shi, da hannun hagu zai riƙe ludayin. Wata shida ba zai ƙara ba. Zauna, Kaltume. Ƙaryarki ce ta fito da shi da sauran numfashinsa. Bar shi ya tafi."

"Kai fa?"

"Ni zan yi ta neman wani wuri. Kafin a samu, ina ciki." Ya miƙe. "Ba ni sabulu da ruwa a waje. Daga yau kada ki ba ni abinci sai kin ga na wanke hannu har gwiwa."

Washegari da safe mai amalanke ya zo ya ɗora kayansu, keken a sama an ɗaure da igiya. Matan gida suka fito rakiya, wasu na yi wa juna raɗa, na ji wata ta ce, "Giya ba ta bar shi da komai ba." Lami ta ji, ba ta ko waiwaya ba. Ta tsaya a gaban mijinta a tsakar gida tana ɓalla masa maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, tun da hannunsa ba ya iyawa, ta gyara masa hula. Sannan ta zo ta rungume ni, ta ce a kunnena, "Na ji Malam bai bar aikin ba. To kakinsa ki wanke daban, kada ki kakkaɓe a ɗaki. Ki riƙa duba bakinsa. Ki yafe mini in na taɓa ɓata miki."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

A ƙofar gida suka yi sallama da Malam. Irmiya ya miƙa masa hannun hagu, suka daɗe a riƙe. Daga nan Malam ya juya ya nufi hanyar kasuwa shi kaɗai, yana jan wandon da ya yi masa yawa. Su kuma suka bi bayan amalanke, 'yan matan a gaba, Lami ta saƙalo mataccen hannun mijinta a nata tana tafiya daidai da takunsa.

Na tsaya a tsakiya ina duban wancan ina duban waɗannan. An kore su, an ɓata masa suna, ba aiki, ba hannu. Duk da haka hassadar nan da na sani ta taso mini daga ciki, ta fi ta kowace rana zafi. Ita ta tafi da nata mijin gida.